Abin da Ya Fito a Bangon Ɗakin Kwamfuta

Ni malamar kimiyyar halittu ce a wata makarantar sakandare ta gwamnati a Garwa, irin wadda muke kira lise. A garin aka haife ni, a gidan 'yan kasuwa masu sayar da atamfa, waɗanda kakanninsu suka zo daga ƙasar Kano tun kafin a haifi mahaifina. A gida Hausa muke yi, a kasuwa Fillanci, a makaranta Faransanci. A shekarar da zan ba da labarinta ni kaɗai ce Bahaushiya cikin malaman makarantarmu, kuma ɗalibai sun san da haka, domin idan raina ya ɓaci a aji Hausa ce ke riga Faransanci fitowa daga bakina.

A shekarar aka tura ni wani taron horar da malamai, inda aka koya mana hanyar jin ra'ayin ɗalibai ba tare da an san wanda ya yi magana ba. Makarantarmu tana da wasu 'yan tabilet da aka ba mu kyauta, suna kulle a kabad ana tsoron kada su lalace. Yadda aka koya mana shi ne, malami ya yi tambaya guda ɗaya, kowane ɗalibi ya rubuta amsarsa shiru a tabilet ya aika, ya miƙa wa na kusa da shi. Amsoshin sai su fito a bango ta majigi, babu suna. Daga nan malami ya karanta su ɗaya bayan ɗaya, duk wadda ba a gane ba a yi bayaninta, masu kama da juna a haɗe su. A ƙarshe tabilet ta sake zagayawa, kowa ya zaɓi waɗanda suka fi damunsa. Mai horar da mu ya ja mana kunne a kan abu biyu: kada malami ya tsallake ko da layi ɗaya bai karanta ba, kuma kada ya taɓa tambayar wa ya rubuta.

Da na dawo, shugaban makarantarmu ya ce tunda ni na je na koyo, ni zan fara a ajina. Mutumin kudu ne, dattijo mai son tsari, yana gab da ritaya. Na ce to, amma ina tsoro. Shekaruna da yawa ina koyarwa ban taɓa tambayar yaro yadda yake ganina ba. Na yi ta tunanin me za su rubuta a kaina idan suka tabbata ba zan gane su ba. Har mijina na gaya wa, ya yi dariya ya ce iyakaci su ce ina da faɗa, kuma wannan ba labari ba ne a gidanmu.

Lokacin zafi ne, irin zafin Garwa da ko bencin aji ba ya zaunuwa bayan azahar. Na kwashi ajina, yara maza da mata masu shirin jarrabawar ƙarshen shekara, muka tafi ɗakin kwamfuta da safe tun ba a ɗauke wuta ba. Na raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni da tabilet ɗaya. Na rubuta tambayar a allo: me ke hana ka karatu? Na ce musu kowa ya rubuta da yaren da ya ga dama, Faransanci ko Fillanci ko Hausa, kuma ba zan duba kuskuren rubutu ba.

Da farko dariya suka yi ta yi, ana leƙen na juna. Sai na ce duk mai rubutu ya juya wa 'yan rukuninsa baya. Ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar fanka. Layuka suka fara sauka a bango.

Madam tana sauri idan tana bayani. Zafi. Banɗakin mata ba ƙofa. Yunwa bayan ƙarfe goma sha biyu. Mu huɗu a benci ɗaya. Madam tana kiran masu ƙoƙari kawai. Wannan ta ƙarshen ta taɓa ni, amma na daure na yi murmushi. Har na fara jin sanyi a raina, ina cewa ashe abin bai kai yadda na zata ba.

Sai wani layi ya fito da Hausa, shi kaɗai a tsakiyar Faransanci da Fillanci.

“Akwai wani mutum da yake tsare mu a hanya yana tambaya su wa suka zo daga Kolofata.”

Na karanta a zuciyata, na sake karantawa. Kolofata gari ne can arewa mai nisa, a bakin iyakar Najeriya, inda mutanen daji masu bindiga suka addabi jama'a shekara da shekaru. Mutane da yawa sun gudo daga can, wasu sun tsaya a Marwa, wasu sun gangaro har Garwa. Na san akwai 'ya'yansu a makarantarmu, amma ba a tambaya, su ma ba sa faɗa. Abin da ya fi tsaya mini shi ne yaren. Duk yaron da ke ɗakin ya iya Faransancin da zai rubuta wannan maganar. Wanda ya zaɓi Hausa ni yake so in ji.

Na fara karanta layukan da ƙarfi kamar yadda aka koya mana. Ina ta matsowa kusa da layin Hausar. Na yi niyyar in tsallake shi, in bari sai an tashi. Amma na san mai rubutun yana zaune yana kallona, yana jira ya ga ko zan yi kamar ban gani ba. Na karanta shi da Hausa yadda yake.

Wani yaro daga baya ya ɗaga hannu. “Madam, ba mu ji ba. Me aka ce?”

Na faɗa da Faransanci. Ba wanda ya kalli wani. Masu surutun baya ma sun sunkuyar da kai.

“Akwai wanda bai gane wannan ba?” na tambaya, domin haka tsarin ya ce.



Muka wuce zuwa zaɓe. Ina tsaye ina kallon bango, ina roƙon Allah ya sa wasan yara ne, ya sa zafi ko yunwa su zo kan gaba. Layin Hausar nan ya yi ta hawa har ya bar sauran a baya da nisa. Wato kusan duk ajin sun san mutumin. Ni kaɗai ce ban sani ba, ni da nake bin ƙofar nan kullum.

Abin da na yi bayan haka ba ya cikin abin da aka koya mana. Na goge allon na rubuta sabuwar tambaya: me ka sani game da wannan mutum? Na ce kowa sai ya karɓi tabilet ya juya baya, ko ba shi da abin faɗa ya rubuta “ba komai”, don kada a gane masu rubutu da marasa rubutu.

Amsoshin suka sauko da sauri fiye da na farko. Yana tsayawa gindin darbejiyar da ke kusa da mai ƙosai idan an tashi. Yana da jan babur mara lamba. Yana saya wa yara ƙosai. Ya iya Hausa da Barbarci, Fillancinsa ba kyau. Ya bi ni har unguwarmu. Ya ce zai ba ni waya idan na nuna masa. Yana neman yarinya mai ƙanne maza biyu, uwarsu tana da tabon ƙuna a hannu. Ya daɗe yana zuwa.

Tabilet ɗin suka fara dawowa teburina, na ɗauka an gama. Sai ga layi ɗaya ya ƙaru a ƙasa, shi ma da Hausa.

“Ni yake nema.”

Na dafa tebur. Abin da jikina ya so shi ne in ɗaga kai in bi fuskokin 'yan matan nan ɗaya bayan ɗaya. Na hana kaina. Idan idona ya tsaya a kan wata, duk ajin za su gani, kuma a cikinsu akwai wanda aka yi wa alkawarin waya. Ban san ko ya ƙi ba, ko yana tunani. Na kafa idona a bango na karanta layin a hankali, ban fassara ba, ba kuma wanda ya nemi fassara. Na kashe majigi na ce su koma aji.

Na tafi ofishin shugaba kai tsaye na nuna masa duk abin da aka rubuta, na fassara masa na Hausar. Ya cire tabarau ya daɗe yana murza idonsa.

“Madam, na'urar ba za ta iya gaya mana wace yarinya ce ba?”

“Ba za ta iya ba, Shugaba. Hannu da yawa suka riƙe kowace tabilet. Haka aka tsara abin.”

“To sai mu kira jandarma yau.”

“Idan suka zo, abu na farko da za su ce shi ne a fito musu da duk yaran Kolofata. Daga nan sai iyayensu. Ka san yadda ake kallon mutanen nan. Wanda ya gudo da wanda aka gudo dominsa, duk tambaya ɗaya za a yi musu. Kuma ranar da aka jera su a tsakar makaranta, mutumin ya samu abin da yake nema.”

Ya ce ya ba ni zuwa farkon mako mai zuwa in san yadda zan yi in gano yarinyar ba tare da an tona ta ba. Idan ban samu ba, zai yi abin da doka ta ɗora masa. Ya kuma ce mai gadi ya riƙa tsayawa a waje lokacin tashi.

Ranar, da aka tashi, na fito da jakata kamar kullum, ina neman mai moto, wato babur na haya, da zai kai ni gida. Na yi wa kaina alkawari ba zan kalli wajen darbejiyar ba, amma idona ya tafi da kansa. Yana nan. Ba abin da na zata na gani ba. Mutum ne siriri, bai wuce shekarun ƙanena ba, da wankakkiyar jallabiya da hula, yana zaune a kan babur ƙafa ɗaya a ƙasa, yana hira da mai ƙosai. Da a masallaci aka gan shi ba wanda zai waiwaya.

Muka haɗa ido. Ya sauko daga babur ya nufo ni, ba gaggawa.

“Salamu alaikum, Malama. Sannu da aiki.”

Na amsa.

“Ke ce mai koyar da manyan yaran nan, ko? 'Yar gidan masu atamfa na bayan babbar kasuwa.”

“Ni ce. Lafiya?”

“Lafiya lau. 'Yar yayana nake nema. Rikici ya raba mu, an ce mini suna garin nan. Iyali abu ne mai nauyi, Malama, ke ma kin sani, kina da naki yaran.”

Ban gaya masa ina da yara ba. Na ce masa ɗalibaina da yawa, ban san garin kowa ba, idan yana da magana ya shiga wajen shugaba. Ya yi murmushi ya ce ba ya son damun manya, zai dai ci gaba da dubawa, Allah zai haɗa su. Ya tsayar mini da mai moto da hannunsa, har ya ce masa ya tafi da ni a hankali.

Ban ce a kai ni gida ba. Na ce a kai ni asibiti, na shiga ta ƙofa ɗaya na fita ta wata, na hau wani moton. Duk hanya ina waiwaye. Kowane jan babur da na gani sai in ɗauka shi ne, kuma Garwa cike take da jajayen babura. Na je makarantar yarana na ɗauke su da kaina, abin da ban saba yi ba, na kai su gidan mahaifiyata na ce kada su fita ko ƙofar gida.

Da la'asar na tafi wajen Baffana, yayan mahaifina. Malami ne, yana da zaure inda yake karantar da manya, kuma a cikin gidansa matan aure suna taruwa duk Asabar da safe suna ɗaukar karatu wajen matarsa. Na same shi shi kaɗai a kan buzunsa. Na durƙusa na gaishe shi, na kwashe komai na gaya masa, har da maganar da mutumin ya yi a kan yarana.

Ya saurare ni har na gama bai katse ni ba.

“Yarinyar nan ba za ta zo miki a makaranta ba, ɗiyata,” ya ce. “Duk wanda ya ga ta tsaya da ke zai gane. Kuma kada ki je nemanta. Ki ba ta wurin da za ta zo ta ɓace cikin mutane.”

“Ina ne, Baffa?”

“Nan. Ranar Asabar mata nawa ke shiga gidan nan da hijabi? Wa ke ƙirga su?”

“Idan kuma mutumin gaskiya yake faɗa? Idan ɗan'uwansu ne da gaske?”

“Yana iya zama ɗan'uwansu. Amma mai neman nasa da alheri liman yake zuwa wa, ko mai unguwa. Ba ya saya wa yara ƙosai.”

Washegari a aji na yi darasina kamar ba abin da ya faru. Da zan fita na tsaya a bakin ƙofa, na ce da Faransanci za a sa wa banɗaki ƙofa kuma zan rage sauri. Sannan na ƙara da Hausa, kamar ina magana da kaina, cewa ni duk Asabar da safe ina gidan Baffana wajen karatun mata, na faɗi unguwar da masallacin da ke kusa, na ce ƙofar a buɗe take ga kowace mace. Idona yana kan alli a hannuna har na gama.

Kwanakin da suka rage kafin Asabar ban ci abincin kirki ba. Mijina ya riƙa kai ni makaranta da kansa yana dawowa ɗaukata. Mutumin yana nan kullum a wurinsa. Ba ya matsowa, ɗaga mini hannu kawai yake yi daga nesa, kamar mun saba. Kowace safiya idan ina kiran suna hankalina ba ya kwanciya har sai kowace yarinya ta amsa. Wata rana yarinya ɗaya ba ta zo ba, na kasa koyarwa, sai da ƙawarta ta ce zazzaɓi take yi, ta gan ta da safe a kwance.

Ranar Asabar na zauna a tsakar gidan Baffa cikin mata, allo a cinyata, ban karanta ko harafi ba. Mata suna shiga suna fita. Rana ta ɗaga, karatu ya kusa tashi, na fara cire rai. Sai wata mata ta zauna kusa da ni, ta gaishe ni ƙasa-ƙasa. Da ta fito da hannunta daga hijabi don ta gyara zama, na ga fatar bayan hannun a tattare, tabon tsohuwar ƙuna. A bayanta akwai yarinya a tsugune.

Na sha yin hasashe a kwanakin nan. Na zargi masu shiru-shiru, masu zama a lungu. Ko sau ɗaya wannan ba ta zo mini a rai ba. Ita ce mai dariyar ajin, mai kwaikwayon muryar malamai, wadda ke gaya wa kowa ita 'yar Gider ce, wani gari tsakanin Garwa da Marwa. Ranar ba dariya a fuskarta. Ta ce, “Madam,” sai hawaye.

Matar Baffa ta buɗe mana ɗakinta ta ja labule. Baffa ya zauna daga bakin ƙofa ta waje. Uwar ta yi magana da Hausa mai ɗauke da harshen Barebari, ba ta ɗaga murya ba.

“Malama, ƙanen mijina ne. Bai yi ƙarya ba.”

Ta ce mijinta ɗan kasuwar albasa ne a Kolofata. Mutanen daji ba kama shi suka yi ba, da ƙafarsa ya bi su. Da farko yakan ɓace ya dawo, daga baya ya dawo da maganganun da ba ta san shi da su ba, ya ce za su koma daji gaba ɗaya har da yara. Ranar da ta ce ba za ta je ba ya tura ta, ta faɗa kan murhu. Da ya sake fita ta kwashi yaran ta bi motar kaya. Sun zauna a Marwa, aka gan su, suka koma Gider, daga can suka zo Garwa. Tana wankau a gidajen mutane, ba ta gaya wa kowa garinsu ba.

“Yanzu ya aiko a kai masa 'ya'yansa. Mazan yake so. Amma su ƙanana ne, ba sa fita, ita ce ke zuwa makaranta. Idan ya gane ta zai biyo ta har gida.”

Na tambayi yarinyar yadda aka yi bai gane ta ba. Ta ce tana ƙarama rabonsa da ita. Ta ce tun da ta fara ganinsa take fita a tsakiyar ƙawayenta tana Fillanci da ƙarfi tana dariya. Sau ɗaya ya tsayar da su ya tambaya, ita ce ta amsa masa, ta ce ba su san kowa ba. Da ta isa gida ranar ta yi amai.

“Me ya sa ba ki gaya mini tun farko ba?”

“Madam, a ina? Kullum da mutane. Kuma Inna ta ce idan aka ji babanmu yana daji, mu ma za a kama mu.”

Uwar ta kama hannuna. “Don Allah, Malama, kada a kai mu wajen hukuma. Ban yi komai ba. Gudu kawai na yi.”

Baffa ya yi gyaran murya daga waje. Ya tambaye ta ko tana da kowa a kudu da nan. Ta ce akwai 'yar'uwar mahaifiyarta da ke aure a Maiganga, amma ba ta san ko za ta karɓe su ba. Baffa ya ce a kira ta yanzu. Aka kira da wayata. Na ji muryar tsohuwar tana kuka tana cewa su taho, su taho ko da kayan jikinsu ne.

Ba su koma gidansu ba. Matar Baffa ta aika 'ya'yanta mata biyu suka ɗauko ƙananan yaran kamar za a kai su wasa. Kayan ɗaki duk aka bari. Baffa yana da wani tsohon ɗalibinsa dillalin shanu da motarsa ke gangarawa kudu, ya aika aka kira shi, suka yi magana su biyu a zaure. Washegari bayan sallar asuba motar ta tsaya a bayan gidan. Na je na yi musu sallama. Yarinyar ta riƙe mini gefen mayafi ta ce, “Madam, jarrabawa fa?” Na ce mata akwai makaranta a Maiganga, kuma shugaba zai san yadda zai yi. Ban san ko gaskiya na faɗa ba a lokacin.

Ranar Litinin na gaya wa shugaba komai. Ya yi abin da ya dace game da komawarta wata makaranta, da hannunsa, bai bar wa sakatare ba. Sannan ya tafi da kansa wajen wani babban jandarma da ya yarda da shi, ya ba shi kamannin mutumin da babur ɗinsa, bai ambaci yarinyar ba. A aji na ce mahaifiyarta ba lafiya, sun koma Gider. Wasu sun yarda. Wasu sun kalle ni sun sunkuyar da kai.

Ranar, da aka tashi, mutumin yana nan. Bai ɗaga mini hannu ba. Ya bi ni da ido har na hau bayan babur ɗin mijina, kuma na ji idon a bayana har muka sha kwana. Washegari jandarmomi biyu cikin farin kaya suka zo suka zauna wajen mai ƙosai tun kafin a tashi. Bai zo ba. Bai sake zuwa ba. Ko wani ne ya tsegunta masa, ko ya lura an rasa yarinya ɗaya ya haɗa lissafinsa, ban sani ba har yau.

Rashin ganinsa ya fi ganinsa tayar mini da hankali. Da yana gindin bishiya na san inda yake. Yarana suka yi watanni a gidan mahaifiyata. Na daina zuwa kasuwa ni kaɗai. Idan aka buga ƙofa sai mijina ya tashi, ni ina tsaye a bayan labule. Wata rana wani mai jan babur ya tsaya a ƙofar gidanmu yana tambayar gidan mai ɗinki, sai kawai na rufe ƙofa na zauna a ƙasa. Sai da damina ta sauka ta wuce kafin na fara barci kamar mutane.

Yarinyar ta zana jarrabawarta a Maiganga ta ci. Dillalin shanun ne ya kawo wa Baffa labari, ya ce ƙannenta ma an sa su makaranta, uwar tana tuyar masa a bakin tasha. Ni da ita ba mu taɓa yin waya ba. Baffa ne ya hana, ya ce duk abin da ba a yi ba ba za a bi sawunsa ba.

Bayan shekara ɗaya da wani abu na tafi Marwa ta'aziyya. Motarmu ta tsaya a Gider, garin da na gaya wa aji sun koma, don a yi sallah a ci abinci. Ina zaune a bakin taga ina jiran jama'a su sauka, sai na hango wani mutum a wajen mai tsire, siriri, da jallabiya da hula, ya juya mini gefe. Yana magana da wasu yara 'yan makaranta biyu, ya sunkuya daidai tsayinsu. Ban ga fuskarsa sosai ba, kuma ba babur a kusa da shi. Yana iya zama uban yaran ne. Na ja mayafina na rufe rabin fuskata, na zame a kujera. Matar da ke kusa da ni ta ce ba zan sauka in yi sallah ba? Na ce mata kaina ke ciwo, zan yi idan mun isa. Da motar ta tashi na ciro waya na kira Baffa, na gaya masa abin da na gani da inda na gani, ya ce zai sanar da limamin da ya sani a garin. Ban sauka daga motar ba sai a Marwa.